Gorar Iri a Hannun Masu Jirgi

Har yau in jirgin sama ya gifta ta saman fadamarmu ba na ɗaga kai. Kowa ya saki fartanya ya bi shi da ido, ni kuwa sai dai in tofar da yawu in ci gaba da gyaran fangalina, wato wurin da nake yayyafa irin albasa. Matata ta ce ƙiyayyar ta yi yawa, wai jirgi ƙarfe ne, bai ma san ina yi ba. Na ce mata na sani, mutanen da ke zaune a ofisoshinsa nake tofa wa, tunda yawun nawa ba ya kai musu.

Mu mutanen Aliero ne, albasa muka buɗe ido muka tarar. Ubanmu yana da irin albasa nasa na kansa wanda ya gada wurin nasa uban. Albasar ja ce jawur, ba ta cika girma ba, amma in ka matsa ta kamar ka matsa dutse, mai yankan ta kuma sai ya yi hawaye ko bai so ba. Abin da ya sa ake neman ta shi ne haƙurinta. Ka zuba ta a rudu, wato rumfar karan da muke ajiyar albasa, ta yi watanni tana jiran kasuwa ta tashi, ta wasu na ruɓewa ita tana zaune lafiya lau. Kowace shekara Baba zai zaɓi 'ya'yan da suka fi kyau ya sake dasa su a gefe, ya bar su su yi fure, ya tattara baƙin irin nan mai kama da albarushi, ya shanya a inuwa, ya ɗura a gora da ɗan toka, ya toshe bakin da yumɓu.

Akwai ƙa'idar da ya ɗora mu a kai tun muna ƙanana. Gora in an toshe ta ba a buɗe ta sai a bakin fangali ranar yayyafa iri, kuma ba a gaya wa kowa a hanya abin da ke cikinta. Yakan ce iri ba ya son baki. Wani zai ji ka ɗauko iri ya ce kai, bana ka huta, bai haɗa da sunan Allah ba, shi ke nan ya cinye maka shekara. Ba mu kaɗai ke yin haka ba, tsofaffi da yawa a wajenmu haka suke. Masu boko su yi dariya in suna so, ni dai a kan haka na ga gonar ubana ta cika shekara da shekaru.

Da Baba ya rasu, Yaya ya zama babba a gida. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Shi mutum ne da duk abin da ya tsallako teku yake ganin an sa masa albarka. Muna zaune a ƙasar shinkafa, shi ta waje ake dafawa a gidansa. Takalminsa na waje, agogonsa na waje, da zai samu ruwan alwala na waje da shi zai riƙa yi. Ni kuma kishiyarsa ne, takalmina dukawan Jega ke ɗinka mini, shinkafar gida nake ci ko da zan tauna tsakuwa. Ya buɗe shago a kasuwar Jega yana sayar da taki da maganin feshi da irin albasa na gwangwani da ake kawowa daga ƙasashen Turawa, da hoton albasa a jiki tana ƙyalli kamar an shafa mata mai.

Ba zan ci haƙƙin gwangwani ba duk da ba na ƙaunar sa. Yana tsirowa da ƙarfi, yana nuna da wuri, albasarsa manya-manya, masu saye daga Kudu suna rububin ta. Amma ruwa ce zalla, ba ta zaman rudu, dole ka sayar lokacin da kowa ke sayarwa. Abin da ya fi ƙona mini rai kuma, in ka bar ta ta yi fure ka tara irin, abin da zai fito baɗi ba ya kama da uwarsa. Kowace shekara sai ka koma wurin mai gwangwani da hannu biyu.

Mun sha faɗa da Yaya a kan haka. Ya ce mini, "Kai dai tsaya nan kana rungumag gora, duniya ta wuce ka. Mi gora tat taɓa ba wani?"

Na ce, "Ita tac cishe ka har kag girma kas samu bakin zagin ta."

Babbar fadamar gidanmu tana can wajen Maiyama, kusa da Ƙaraye. Wata shekara Yaya ya yanke cewa gwangwani za a dasa a gonar duka, tunda shi ne babba. Da na yi ta hayaniya sai ya bar mini wata kusurwa can ƙasa-ƙasa inda ruwa ke kwanciya, wai in yi wasana a nan. Nan na dasa 'ya'yan albasar Baba na iri. A shekarar ɗanzazzalau ya shigo, ciwon nan da ke cin albasa daga ganye ya gangara ƙasa, ya fara da kusurwar mai damshi. Abin da ya rage kuma ruwa ya taso ya shafe. Ban tsira da ko ƙwaya ɗaya ba. Yaya ya ce ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ce, amma ƙaddarar da hannunsa ta auna mini wuri.

Sai na tuna da Baffa, ƙanen ubanmu, wanda ya tafi Adamawa tun yana saurayi ya zauna a bakin kogi gaba da Yola. Da gorar gidanmu ya tafi, kuma ita ya yi ta nomawa can. Na kira shi a waya na gaya masa abin da ya faru. Ya ce shi ma ƙarfi ya ƙare, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ba mai sha'awar lambu, har injin ban ruwa sun sayar. Noman bara shi ne na ƙarshe da ya yi, gora ɗaya ta rage masa.

Ya ce, "Zaka da ƙahwakka ka ɗauka. Wagga ban ba direba, ban ba ɗan aike."

Na tafi a mota. Hanyar ba zan so wa maƙiyina ita ba: ruwan sama, gada a karye, ga kuma wuraren da direba ke cewa kowa ya yi addu'a saboda masu satar mutane. Na isa a gajiye, Baffa ya miƙo mini gorar da hannu biyu yana lalube, bakinta a toshe da yumɓun da ya kwaɓa da kansa. Ya ce wannan ita ce ta ƙarshe a duniya, in ta tafi sunan gidanmu ya fita daga kasuwar albasa.

Wanda bai san albasa ba ya kamata in gaya masa abu ɗaya. Irinta ba gero ba ne da zai shekara biyu ko uku a rumbu. In ya wuce shekara ƙarfinsa ya fara tafiya, in ya sha zafi kuma tun kafin nan ya mutu. Na Baffa ya riga ya yi watanni a gora, damina kuma tana ƙarewa, lokacin yayyafi ya matso. Na duba hanyar da na biyo, na duba gorar, na ce ba zan ɗora ta a saman mota ruwa ya dake ta ba. Haka na yanke shawarar shiga jirgi, abin da ban taɓa yi ba.

Kamfani biyu ke tashi zuwa Abuja su haɗa ka da na Birnin Kebbi. Ɗan Baffa da ya raka ni ya ce in shiga babban, wai akwai hannun Turawa a cikinsa, ba sa wasa da lokaci. Jin haka kawai ya ishe ni in juya baya. Ɗayan ƙarami ne, a bangon ofishinsu sun manna wata takarda da ke cewa kamfanin namu ne, mu riƙe na gida. Na ce ga 'yan'uwana. Na biya su da murna, har ina jin kamar na yi wani aikin lada. Tun daga ranar nake kiran su 'yan namu-namu.

Gorar na naɗe ta da riguna a tsakiyar jakar leda mai layi-layi irin wadda kowa ke tafiya da ita. A jikin jakar na zana alamar gidanmu da jan fenti, zobe da sanda biyu, wadda muke sa wa buhunan albasa. Na so in riƙe ta a hannu, suka ce ta yi girma, sai dai ta shiga ƙasan jirgi. Na yi tunanin in ciro gorar in rungume, sai na hango masu bincike can gaba suna zazzage jakunkunan hannu, suna buɗe ƙullin yajin wata mata suna sunsunawa suna tambayar ta. Na san in suka ga gora a toshe sai sun fasa yumɓun a gaban jama'a. Yarinyar da ke karɓar kaya ta tambaye ni ko akwai wani abu mai daraja ko mai fashewa a ciki. Na ce tufafi ne. Abin da ubana zai ce ke nan, abin da Baffa zai ce ke nan, kuma har gobe ban ga laifina ba. Ta liƙa wa jakar wata 'yar takarda, ta tura ta ta wuce.

A Birnin Kebbi kowa ya ɗauki kayansa ya tafi, aka bar ni tsaye. Wani ma'aikacin kamfanin, saurayi mai gyararren gashin baki da hula mai tambarinsu, ya ce kada in damu, jakar ta tsaya a Abuja, gobe in Allah ya yarda za ta biyo jirgi. Na gaya masa akwai alamata a jiki. Ya tambaye ni wace irin alama, na zana masa a tafin hannu. Ya yi murmushin da ake yi wa ƙauyawa.

Murmushin nan ya tsaya mini a rai. Da wannan alamar buhun albasa ke barin Aliero ya kai Fatakwal ba takarda ba komai, ya sauka hannun mai shi. In ya ɓace, direba ya san shi zai amsa, in direba ya gudu shugaban tasha ya amsa. Na taɓa ganin an sayar da mota da lodi a kanta a tsakiyar hanya, wanda ya saya bai ce uffan ba sai da ya kai kayan mutane inda za su. Ba wanda ya karanta doka a cikinsu. Sun dai san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Goben nan ta saurayin ta yi ta haihuwar wata goben. Na yi ta zirga-zirga daga Aliero zuwa Birnin Kebbi, kuma ba yadda za ka yi sai ka bi ta Jega. Yaya, da ya san abin da na je ɗaukowa wurin Baffa, ya samu abin yi. Da ya hango ni a tasha sai ya ɗaga murya daga bakin shago, "Ƙaƙa, na-gida ya iso? Ko shina bisa hanya da jaki?" Maƙwabtansa su kwashe da dariya. Ran nan ya ƙara da cewa, "Wai ko cikin aljihu ba ka zuba ɗan kaɗan ba?" Ya fi kowa sanin ba a buɗe gora a hanya, a gabansa Baba ya koya mana. Ya faɗa ne don ya ji daɗi.

Ana cikin haka na ji a rediyo wai kamfanonin nan biyu sun haɗe sun zama ɗaya. 'Yan namu-namu, masu cewa mu riƙe na gida, sun shige cikin wancan mai hannun Turawa da na ƙi. Mai ba da labarin yana ta murna, wai matafiya za su ji daɗi. Ni ma da farko na ce to, ƙila babban ya fi sanin inda kayan mutane suke. Na shirya na tafi.

Na tarar an sauke allon ofis an ɗora wani. Teburin shi ne, fankar ita ce, saurayin nan shi ne da gashin bakinsa, hular kawai aka canja. Na yi sallama na ce na zo batun jakata. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce wace jaka. Na tuna masa. Ya ce, "Ai Alhaji wannan kayan tsohon kamfani ne. Mu ba mu karɓi kayanka ba."

Na ce, "Kai, yaro, ba da kai nika magana kullum ba? Ba kai kac ce mini gobe ba?"

Ya ce, "Lokacin wancan kamfanin nake wa aiki. Yanzu wani nake wa."

Na ce, "Tau ina wancan ɗin yat tahi?"

Ya ce babu shi, an rufe. Na tambaye shi jiragen fa, ya ce suna nan, nasu ne yanzu. Ma'aikatan fa, su ne. Hanyoyin da jirgin ke bi fa, nasu ne. To jakata fa? Ya ce wannan kam ba ta cikin abin da suka karɓa. Wallahi da ba don wani dattijo ya riƙe mini hannu ba, da na cire masa hular nan na ga ko akwai wata a ƙarƙashinta. An sayar da kare an sayi biri, kuma aka ce mini ban taɓa ganin karen ba.

Akwai wani lauya ɗan unguwarmu da ke aiki a Birnin Kebbi, ubansa abokin Baba ne. Na same shi na zazzage masa komai, ban da abin da ke cikin jakar. Ya yi bincikensa, ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce in kamfani biyu suka narke suka zama ɗaya da gaske, sabon ya gaji komai, riba da bashi da laifi, kamar ɗan da ya gaji gona da ƙayarta. Amma in ɗaya ya sayi jirage da hanyoyin ɗayan ne kawai, to duk wani haƙƙin mutane yana nan a kan gawar tsohon, sai wanda aka naɗa ya raba abin da ya bari ya zo ya duba. Ya ce waɗannan a rediyo haɗewa suke cewa don mutane su ji daɗi, a gaban alƙali kuma saye suke cewa, kuma rigimar ba ta ƙare ba tsakaninsu da masu bin tsohon kamfanin.

Na ce masa ai ba cinya ba ƙafar baya. Ya yi dariya ya ce a wurinka. A wurin doka tsakanin cinya da ƙafar baya mutum na iya tsufa. Ya ƙara da cewa ko na yi ƙara na ci, abin da za su biya a kan nauyin tufafi za su auna shi, tunda tufafi na ce. Na ce ni ba biya nake so ba, jakata nake so.

Shi ne ya gano mini cewa jakar ba ɓacewa ta yi ba. Tana Abuja, an tattara duk kayan da suka maƙale a makon da aka yi cinikin an zuba a kwantena an kulle. Ranar da na ji haka ban tsaya komai ba, na hau mota zuwa Abuja. A lokacin maƙwabtana a fadama sun riga sun yayyafa iri, fangalinsu ya yi kore shar, nawa na gyara shi na zuba taki yana zaune fayau.

Na ga kwantenar da idona. Tana bayan ofishinsu a fili, ba rumfa ba itace, rana na dukan ta tun safe. Na ɗora hannu a jikin ƙarfen na janye da sauri. Taku kaɗan ne tsakanina da gorar Baffa, tana ciki tana dahuwa.

Aka kai ni wurin wata mata babba a ofishin, mai Hausa tsab, sanyin na'ura na kaɗa mata mayafi. Na roƙe ta, abin da ban saba yi wa kowa ba. Da na ga roƙo bai yi ba, na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karya ƙa'idar ubana a gaban baƙuwa, na gaya mata iri ne a ciki, irin albasar gidanmu, na ƙarshe, kuma zafin nan zai kashe shi. Na ce ba na son jakar ma, ba na son rigunan, a buɗe a ciro mini gora ɗaya in tafi, in suna so in rantse ba zan sake taka ƙofarsu ba.

Ta saurare ni har na gama, ba zan ce ba ta saurara ba. Sannan ta ce, "Baba, na ji tausayinka. Amma lauyoyinmu sun ce kada mu taɓa kwantenar nan. In muka buɗe muka ba mutum ɗaya kayansa, mun nuna ke nan mun karɓi nauyin duk abin da tsohon kamfani ya bari, gobe kowa ya taso mana. Kuma ai tufafi ka ce."

Na tambaye ta mabuɗin yana ina. Ta ce yana wurinsu, ajiya aka ba su. Kwantenar a filinsu, mabuɗin a aljihunsu, maigadin su ke biyan sa, amma kayan ba sa hannunsu. Na faɗa mata maganganun da ba zan rubuta a nan ba, ban kuma yi nadama ba. Na tsine wa na gidan da ya sayar da kansa ya bar amanata a rana, na tsine wa na wajen da ya saye naman ya bar mana ƙashi. Masu gadi suka raka ni har bakin titi.

Lokacin yayyafi ya wuce, lokacin dashe ya wuce. Yaya ya aiko mini da gwangwani biyu ta hannun direba, wai kada iyalina su kwana da yunwa saboda taurin kaina. Na mayar masa a motar da ta kawo su. Shekarar nan ƙwadago na yi a lambun wasu, ni da nake da fadama. Baffa kuma yana kira lokaci-lokaci, tambayarsa ɗaya ce, ta iso? In ce tukuna. Ya ce Allah ya kawo ta.

Sai da bazara ta kama sosai aka kira ni, wai an sasanta, an buɗe kwantena, in zo Birnin Kebbi in ɗauki kayana. Saurayin nan ne ya miƙo mini ita da fara'a, har yana cewa kyauta suka kawo ta ba su caje ni ba. Kafin ya sake ta sai da na sa hannu cewa na karɓi kayana lafiya, ba ni da sauran magana da tsohon kamfani ko sabo. Ledar ta ƙone ta yi fari, tana marmashewa a hannu, amma zobe da sanda biyu suna nan. Gorar ma tana nan, yumɓun Baffa bai ko tsage ba.

Ban buɗe ta a gida ba. Na kai ta fadama, na yi ƙaramin fangali a inuwa kusa da rijiya, na yi bismillah na fasa yumɓun. Irin ya zubo baƙi ƙirin kamar yadda na san shi, ba abin da ido zai nuna maka. Na yayyafa rabi, na rufe da ciyawa, na yi ta ban ruwa safe da yamma. Ciyawar daji ta fito, albasa ba ta fito ba. Na ce ƙila ba lokacinta ba ne, zafi ya yi yawa. Na adana sauran rabin a wuri mai sanyi har ƙarshen damina, na yayyafa ranar da kowa ke yayyafawa. Na maƙwabcina na dama ya tsiro, na hagu ya tsiro. Ni kullum ina durƙushe ina ɗaga ciyawa ina leƙe kamar mai neman allura. Na tona da yatsa na ciro ƙwayoyin, na murza, suka zama gari.

Ina nan durƙushe wayata ta yi ƙara. Baffa ne. Tun da na gaya masa jakar ta iso ya canja tambaya.

Ya ce, "Ta tsiro?"

Na so in ce masa tukuna, amma bakina ya ƙi. Na ce, "Baffa, ba ta tsirowa. Sun dahe ta cikin ƙarhe."

Ina jin numfashinsa. Can ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tau, yau ubanku yar rasu. Ka yi ma wan naka gaisuwa."

Ranar kasuwar Jega na rataya gorar wofi a kafaɗa na tafi. Yaya yana zaune a shago, gwangwanaye jere a bayansa har rufi. Da ya hango ni ya fara murmushi, ya buɗe baki zai yi tambayar da ya saba. Na ajiye gorar a kan teburinsa, bakinta a buɗe.

Na ce, "Baffa yac ce in yi maka gaisuwa. Yac ce yau Baba yar rasu."

Ya dubi gorar, ya ɗaga ta, ya ji ba nauyi. Ban jira abin da zai ce ba. Na tsallaka layi zuwa shagon da ke kallon nasa, na wani baƙo da ban ma san sunansa ba, na ce a ba ni irin albasa na gwangwani. Ya tambaye ni wanne, na ce duk wanda hannunsa ya kai, ai duka ɗaya ne. Na biya a tsaye, Yaya na kallo.

Shi nake nomawa yanzu, kowace shekara in koma in saya, kuma ban taɓa saye a wurin Yaya ba. Tsakanina da shi sallama ce kawai, sai gaisuwar Sallah. In na bi ta layin nakan saci kallon shagonsa. Gorar tana nan, ya buga ƙusa can sama da gwangwanayen ya rataye ta, kuma tun daga ranar bai sake tambayata ko na-gida ya iso ba.